Daga Ƙoƙon Burukutu Zuwa Ma'aunin Likita: Giya Da Ciwon Daji A Tarihin Ƙasar Kano

Maƙalarmu ta wannan mako ta taɓo abin da ba mu cika son ambata a bainar jama'a ba.

Duk wanda ya bi hanyar Bichi ko ta Dambatta da kaka, zai ga gonaki manne da juna, dawa da gero iya ganinsa, da wuya ya ga fegin da aka bari ya huta. Mun san wannan hatsi da tuwo da kunu da fura. Amma an yi zamanin da ake jiƙa dawar ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta a tulu ta tashi ta zama giya. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya lissafa manyan mutanen Barbushe a Dala, cikinsu har da Bugazau mai dafa giya. Ashe sana'ar ta girmi ganuwar birni.

Da Musulunci ya kafu, musamman bayan jihadi ya ci Kano wajen 1807, sai giya ta koma gidajen Maguzawan karkara, waɗanda aka bari da al'adarsu suna biyan jiziya. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya tarar giya tana cikin bukukuwansu da tsafinsu. Mata ne ke dafawa, ma'auninta kuwa ƙoƙo ne da ƙwarya.

Turawa ma sun zo da tasu dokar. Yarjejeniyar Burasels ta 1890 ta hana kai barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, kuma Lugga ya sa Arewa cikin wannan hani. Sai dai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari, kwalba ta sami mazauni. A 2000 jihar Kano ta ƙaddamar da shari'a, a 2003 aka yi dokar Hukumar Hisba, muka riƙa ganin ana farfasa kwalabe a fili.

Idan muka lura, a duk wannan tarihi tambayarmu guda ce: halal ce ko haram, an yarda ko an hana? A Turai kuwa, inda sha ya zama ruwan dare, tambayarsu ita ce: nawa mutum zai sha bai cutu ba? A 1987 Birtaniya ta sa iyakar ma'auni 21 a mako ga maza, 14 ga mata, kowane ma'auni giram 8 na tsantsar barasa. A 2016 ta rage na maza ya koma 14, wato bai kai manyan kwalabe 5 irin na Najeriya masu ƙarfin kashi 5 cikin ɗari ba.

Abin da ya riƙa janyo iyakar ƙasa shi ne ciwon daji. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sa giya a rukuni na farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa shi, rukuni ɗaya da taba sigari. Jiki yana juya barasa ta zama wani sinadari, asitaldihaid, mai lalata ƙwayoyin halitta. Wuraren da abin ya fi kamawa bakwai ne: baki, maƙoshi, maƙogwaro, bututun abinci, hanta, babban hanji, da mama ga mata. Wani bincike da aka buga a 2021 ya ƙiyasta cewa mutum kimanin 741,000 da suka kamu da ciwon daji a duniya a 2020, giya ce sanadi. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu wani adadi da za a kira mara haɗari. Kaɗan ya fi da yawa sauƙi, amma haɗarin yana farawa ne tun kurɓar farko.

Wani zai ce, ina ruwan manomin Kunchi ko Tsanyawa da lissafin Turawa? Da ruwansa. Hantar mutanenmu tana da maƙiya biyu tun kafin giya: ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, da gubar fumfuna da ke kama gyaɗa da masara idan an adana su da danshi. Sai a 2004 Najeriya ta sa rigakafin ciwon hantar cikin alluran yara, don haka yawancin magidantan yau ba su samu ba. Wanda ya zuba giya a kan wannan hanta, ya ƙara wa Barno dawaki.

Kuma hani bai kashe sha ba, ya dai mai da shi ɓoye. Burukutu ba ta da takardar da ke faɗin ƙarfinta. Barasar leda tana shiga aljihu ba a gani, shi ya sa NAFDAC ta sanar da hana ta a farkon 2024, tare da ƙananan kwalabe da ba su kai mililita 200 ba. Mai sha a ɓoye kuwa ba ya gaya wa likita gaskiya, iyalinsa ma sukan ce sammu ne idan ciki ya kumbura ko haɗiya ta gagara, har lokaci ya ƙure.

Mun saba hango mashayi a matsayin wanda ke tangaɗi a kasuwa yara na yi masa ihu. Amma ciwon daji ba ya jiran maye. Yana iya kama wanda ba a taɓa ganin ya yi layi ba, mai kurɓa kaɗan da dare shekara da shekaru. Hukuncin addini a kan giya sananne ne tun da daɗewa, kuma a yau binciken likitoci ya zo ya tsaya kusa da shi. Abin da ya rage mana shi ne mu iya yi wa ɗan uwan da ya faɗa ciki magana ba tare da tozarta shi ba, mu ja shi asibiti a gwada hantarsa tun da sauran lokaci. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mu da zuri'armu.