Tarihin Maganin Da Aka Noma Cikin Ganyen Taba

Ƴan'uwa manoma, kowa ya san iri ba ya ƙarya. Wanda ya dasa albasar Galmi, albasar Galmi zai tona. Dalili kuwa, cikin kowane iri akwai ƙwayoyin gado, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Su ke gaya wa shuka abin da za ta zama.

Masana sun koyi ɗaukar ƙwayar gado daga wata halitta su sa cikin shuka. Daga nan sai shukar ta riƙa yin abin da kakanninta ba su taɓa yi ba. A 1989, a Amurka, aka sa taba ta yi irin garkuwar da jini ke yi don yaƙi da cuta. A 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da maganin mutane na farko na wannan hanya. Da ƙwayoyin karas aka yi shi.

A 2014 cutar Ebola ta faɗa wa Gini da Laberiya da Saliyo. Kafin ta lafa, ta kashe mutum fiye da 11,000. Har Legas ta kai. A lokacin aka kawo wani magani, ZMapp, wanda aka tatso daga ganyen wata ƴar'uwar taba, aka tace shi sarai. An ba Amurkawa biyu da suka kamu a Laberiya, suka rayu. Wasu an ba su, amma kwana ya ƙare. A 2019 aka gwada shi a Kwango, wasu magunguna biyu suka fi shi ceton rai, sai aka ajiye shi. Kada wani ya ce tabar kasuwar Bangi magani ce. Ita cuta take kawowa.

Wannan noma yana da haɗarinsa. Kun san gyauro. A Nebaraska ta Amurka, an noma masara mai yin magani cikin wata gona. Da shekara ta kewayo, a 2002, aka shuka waken suya a wurin. Gyauron masarar ya fito, aka girbe shi tare da wake. Dole hukuma ta sa aka lalata wake fiye da tan 13,000, don kada ya shiga tukunyar mutane. Ita tabar ZMapp, cikin rufaffen gida aka rene ta.

Wannan ilimi ya matso kusa da mu. A 2019 Najeriya ta yarda da waken da aka gyara a Samarun Zariya don tsutsa ta bar shi. Wannan na ci ne, ba na magani ba. To, duk ranar da aka kawo muku sabon iri, a Madawa ko Buza ko Keita, ku karanta takardar buhun. Ku tambayi malamin gona: na ci ne? Hukuma ta yarda da shi? Mai tambaya ba ya ɓata.