Daga Ɗantata zuwa Ɗangote: Attajiri da Filin Wasa

Duk wanda ya shigo Abuja ta hanyar filin jirgin sama sai ya wuce babban filin wasa na ƙasa. An buɗe shi a 2003 domin gasar wasannin ƙasashen Afirka, yana ɗaukar 'yan kallo kusan dubu 60. A ranar 12 ga Yuni, 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa masa sunan Moshood Abiola, attajirin Abeokuta da ya riƙe ƙungiyar Abiola Babes da kuɗin aljihunsa. Amma a lokacin ciyawar filin ta riga ta mutu, 'yan wasan Super Eagles sun koma buga wasa a Uyo da wasu garuruwa.

Sai Alhaji Aliko Ɗangote ya karɓi gyaran filin a ƙarƙashin shirin ministan wasanni Sunday Dare. Tsakanin 2020 da 2021 aka kashe kimanin dala miliyan ɗaya, aka dasa sabuwar ciyawa, aka gyara allunan nuna sakamako.

Mu da muke zaune a zango ya kamata mu san asalin wannan hali. Kakan mahaifiyar Ɗangote, Alhassan Ɗantata, ɗan Bebeji ne, ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, ya zauna a Ankara cikin Hausawa baƙi irinmu, kafin ya dawo Kano ya shiga cinikin gyaɗa. Ya rasu a 1955. A tsarin fatauci na da, maigida shi ke saukar da baƙo, ya ciyar da malamai, ya ba yaransa jari. Abin da ya canza yau shi ne inda kyautar ke sauka. Ɗangote ya gina wa Jami'ar Bayero makarantar koyon kasuwanci, ya gina wa Jami'ar Ahmadu Bello ɗakunan kwanan ɗalibai, har aka sa wa jami'ar Wudil sunansa a 2022.

To, amma labarin filin bai ƙare da daɗi ba. Ranar 29 ga Maris, 2022, Najeriya ta yi kunnen doki 1-1 da Gana a nan Abuja, ta rasa zuwa gasar cin kofin duniya. 'Yan kallo suka afka cikin filin, suka yi ta ɓarna. Ba a jima ba ciyawar ta sake lalacewa. Mai kuɗi ya ba da nasa, masu riƙon amana ne ba a samu ba.

Akwai kuma giɓin da har yau ba a cike ba. Tun 1966 jami'o'in ƙasar nan ke da gasarsu ta NUGA, wadda aka fara a Badun, amma wasannin ɗalibai ba su cika samun uban gida ba. Ga Jami'ar Abuja kusa da mu, ga makarantun sakandaren da 'ya'yanmu ke zuwa, wasu ko ragar ƙwallo babu.

Ba sai mun jira Ɗangote ba. 'Yan kasuwar unguwarmu, masu shagunan hatsi da dillalan shanu, za su iya ɗaukar nauyin gasar makarantu sau ɗaya a shekara, su sayi riguna da takalma. Sai dai kafin a karɓi ko sisi, mu zauna gaban Sarkin Hausawa mu naɗa waɗanda za su kula da kayan, su riƙa kawo lissafi a bainar jama'a.