Kaboyi uku, budurwa ɗaya, ga bijimi a tsakani

 Wanda ya saba zama da dattawan Sakasaka a nan Tamale ya san hirar da ba ta yin nisa sai an taɓo fim ɗin kaboyi, tun zamanin da samari ke tara 'yan kwabbai su shiga silman Rivoli ko Victory. To, na yau ba harbi ne kan gaba a cikinsa ba, kishin samari ne.

Bonanza wasan talabijin ne da tashar NBC ta Amurka ta nuna daga 1959 zuwa 1973, kashi sama da 400. Labarin dattijo Ben Cartwright ne, mai makeken gandun shanu da ake kira Ponderosa a Nebada, da 'ya'yansa maza uku: Adam, Hoss da autansu Little Joe. Kowa ɗakinsu daban. Kun ji 'yan uba ke nan.

A farkon 1964 aka nuna kashin da aka raɗa wa suna Ponderosa Matador. Baƙo ya sauka gidan da 'yarsa Dolores, mai sha'awar wasan artabu da bijimi irin na Sifaniya. Nan take samarin uku suka ruɗe, kowa na neman ta kula shi, har ta kai waɗanda suka tashi cikin shanu sun koma koyon kaɗa wa bijimi ƙyalle don a burge yarinya. Abin dariyar ke nan. Mu da muka san hawan ƙaho wajen mahauta, da sharo inda saurayi ke shan bulala yana murmushi gaban 'yan mata, ai ba baƙon abu ba ne gare mu.

Sai dai ku lura, waɗannan 'ya'yan mai ƙasa ne, shi ya sa suka sami sararin kishi. Kaboyin gaskiya kiwon haya yake yi, kamar dala ɗaya a yini, kuma da yawansu baƙar fata ne da 'yan Meziko, waɗanda fim bai cika nunawa ba. Da yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, saniyar dala 4 a Tekzas takan yi dala 40 a kasuwannin arewa. Wannan tazarar farashi, ita ce dai ke sauko da shanu daga Burkina ta Paga da Tamale zuwa Kumasi. Mutum kamar 12 ke kora garken shanu 2,500 zuwa 3,000, tafiyar wata biyu ko uku, zuwa tashar jirgin ƙasa irin ta Abilin a Kansas, wadda ta soma karɓar shanu a 1867.

Harkar shekara 20 kacal ta yi. A 1874 Joseph Glidden ya yi rajistar wayarsa mai ƙaya, manoma da manyan masu gandu suka bi fili suna shingewa, har da mashaya. Duk wanda ya taɓa dawowa daga cin rani ya tarar an nome burtali ya san zafin wannan. A 1885 jihar Kansas ta rufe iyakarta ga shanun Tekzas saboda cutar kaska, ga layin dogo kuma ya riga ya isa Tekzas, masu shanu suna loda su a tarago tun daga gida.