Dokar 'Yanta Bayi da Saninta a Ƙasar Haɗejiya

A zamanin Sarki Buhari, wanda ya yi wa Sarkin Musulmi Aliyu Babba tawaye, ya kuma rasu wajen yaƙin Bade a 1863, Haɗejiya ta yi suna wajen kai hari da kamun bayi. Waɗansu a kan sayar, waɗansu kuwa a kan zaunar da su a rinji su yi noma.

A 1901 Gwamna Lugga ya yi shelar hana cinikin bayi a Nijeriya ta Arewa, ya kuma zartar cewa duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu na wannan shekara ɗa ne, ko da iyayensa bayi ne. Amma fa shelar ba ta kwance waɗanda ta tarar cikin bauta ba. Ba ta kuma yi ƙarfi a Haɗejiya ba sai bayan Afrilu 1906, sa'ad da Turawa suka ci garin, Sarki Muhammadu ya rasu a fagen fama. Ba a soke bauta ɗungum ba sai a 1936, watau shekara 35 bayan shelar farko.

Cikin waɗannan shekaru bawa yana da hanya biyu ta shari'a. Ta farko ita ce fansa. Bayi da yawa na ƙasar Hausa sun saba da murgu, watau bawa ya yi sana'ar kansa yana biyan ubangijinsa wani abu, kuma daga abin da ya rage ya kan tara kuɗin fansar kansa. Turawa suka tura irin wannan magana gaban alƙalai. Binciken Lovejoy da Hogendorn na 1993 ya nuna dubban bayi a Arewa sun fita ta wannan ƙofa. Dalili kuwa a fili ya ke: fansa tana cikin littattafan fiƙihu da malamai ke karantarwa a zaure, tana da suna a bakin kowa, har bawan da bai san baƙi ba ya san abin da zai roƙa.

Hanya ta biyu, ta haihuwa, ta fi wuya. An rubuta shelar da Turanci, ba a kuwa ajiye littafin haihuwa a ƙauyuka. Yarinyar da aka haifa a 1903 'ya ce bisa doka, amma in ba wanda ya gaya mata, ba kuma mai shaidar shekararta, ana iya mai da ita ƙwarƙwara, ta tsufa ba ta sani ba. Ashe haƙƙin da mai shi bai ji labarinsa ba, bai kuma da shaida a kansa, da shi da babu duk ɗaya ne.

Wannan darasi bai tsufa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi shelar haƙƙin ɗan Adam a 1948, tsarin mulkin Nijeriya na 1960 ya ƙunshi babi a kansa, aka yi dokar haƙƙin yara ta tarayya a 2003, Jihar Jigawa kuma ta sa hannu a tata dokar kare yara a Disamba 2021. Dukansu takardu ne, sai an kai su kunnen masu su.

Saboda haka malamin makaranta a Auyo, ko Kafin Hausa, ko Guri, zai fi cin nasara in ya soma daga haƙƙoƙin da almajiransa suka riga suka san sunansu: gadon maraya, sadakin mace, burtalin makiyayi, rabon ruwan fadama. Daga nan sai ya nuna musu inda doka ta tsaya a kan kowanne, da ƙofar da a ke ƙwanƙwasawa in an danne shi. Liman da mai unguwa kuwa, tun da ba a raɗa suna sai da su, su ne suka fi cancanta su tunatar da uba ya karɓo wa jaririnsa takardar haihuwa, abin da yarinyar 1903 ta rasa.