Bayani A Kan Barorin Zane Na Cikin Kwamfuta, 1995 Zuwa 2007

A cikin watan Maris na shekarar 1995 kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya fito da wata manhaja, watau tsarin umarnin da kwamfuta ke bi ta yi aiki, ya sa mata suna Bob. A zamanin nan kwamfuta ta fara fita daga ofisoshi tana shiga gidajen mutane, da yawa kuwa cikin masu sayenta tsoronta su ke ji, ba su san inda za su taɓa ba. Dabarar da masu Bob suka yi ita ce, suka mai da fuskar kwamfuta hoton gida. Mutum ya ƙwanƙwasa ƙofa ya shiga, ya tarad da falo da kujeru da tebur. In ya taɓa alƙalami da takarda, sai wurin rubuta wasiƙa ya buɗe. In ya taɓa kalandar bango, sai ta nuna masa ranaku. A gefe guda ga wani rawayan kare na zane, ana ce da shi Rover, yana motsi, maganarsa tana fitowa a rubuce, yana yi wa baƙo jagora.

Bob bai yi kasuwa ba. Yana bukatar ƙwaƙwalwa mai megabayit 8, abin da kwamfutocin gida da yawa ba su da shi a lokacin, ga kuma Windows 95 ta fito a watan Agusta ta ɗauke hankalin jama'a. A farkon 1996 aka daina sayar da shi. Gidan ya rushe, amma baran ya tsira, domin akwai ilmi a bayansa wanda kamfanin ya yi imani da shi.

Ilmin nan ya fito ne daga malamai biyu na Jami'ar Stanford, Clifford Nass da Byron Reeves, waɗanda suka ba masu Bob shawara, suka kuma tattara bincikensu cikin littafin The Media Equation a 1996. Abin da suka gano shi ne, ɗan Adam yakan ɗauki na'ura kamar mutum ba tare da ya sani ba. Cikin gwaje-gwajensu akwai wanda aka sa mutane suka yi aiki da wata kwamfuta, sa'an nan aka nemi su faɗi yadda suka ga aikinta. Waɗanda ita kwamfutar ta tambaya da kanta sun fi yabonta bisa waɗanda wata kwamfuta dabam ta tambaya. Watau sun yi mata kara, kamar yadda a ke jin nauyin kushe mutum a gabansa. Daga nan kamfanin ya yi hukunci cewa, tun da mutane na ɗaukar kwamfuta mutum, sai a ba ta fuska da idanu.

Da manhajar ofis ta Office 97 ta shiga kasuwa a farkon 1997, sai ga baran ya dawo da sabuwar kama. Sunansa Clippit, ko da ya ke jama'a sun fi saninsa da Clippy. Ɗan ƙarfen nan ne da a ke maƙale takardu da shi a ofis, wani mai zane, Kevan Atteberry, ya yi masa manyan idanu da gira. Akwai waɗansu da mutum ke iya zaɓa a madadinsa, har da wani tsoho mai kama da Einstein da wani mai kama da Shakespeare, a ƙasar Japan kuwa akwai kifin dolfin mai suna Kairu. Amma Clippit ne ke fara fitowa in ba a sake shi ba, saboda haka shi ya kwashi zagi.

Laifinsa da ya fi shahara shi ne wannan. Da mutum ya buga kalmar da Turawa ke buɗe wasiƙa da ita, ya bi ta da suna, sai Clippit ya faɗo, ya ce da alama wasiƙa a ke rubutawa, ko ana son taimako. Mai nazarin harshe in ya duba jumlar nan ba zai sami aibi a gininta ba. An sassauta ta da "da alama", an kuma yi ta a sigar tambaya maimakon umarni, duka kuwa hanyoyi ne na ladabi a Turanci. Sai dai ladabin magana bai tsaya ga kalmomi ba. Yana cikin sanin lokacin da ya kamata a yi ta, da sanin wanda a ke yi wa ita, da tuna abin da ya gudana jiya. Clippit ba shi da ko ɗaya. Yakan shigo ba sallama, daidai lokacin da mai rubutu ke ƙoƙarin kama zaren tunaninsa. Tambayar da ya yi wa ɗan koyo ita ya ke yi wa akawun da ya shekara ashirin yana buga wasiƙu, in an kore shi yau, gobe ya dawo da ita kamar ba a taɓa haɗuwa ba. Tayin taimako kuwa yana ɗauke da zaton cewa wanda a ka yi wa bai iya ba. Ran farko alheri ne, ran na ɗari ya zama raini. Malamin da ya taɓa maimaita wa ɗalibi mai hazaƙa abin da ya riga ya sani ya san irin kallon da a ke yi masa.

Binciken Nass da Reeves bai ƙaryata ba a nan, shi ne ma ya tabbata. Littafin bayani da ke ajiye ba wanda ke fushi da shi don bai san sunansa ba. Amma abin da ke da idanu, yana kallon mutum, har yana ƙwanƙwasa gilashin kwamfuta, da ma'aunin mutane a ke auna shi, a wannan ma'auni kuwa sunan halinsa shisshigi. Nass kansa ya bayyana daga baya cewa abin da ya kashe Clippit rashin iya zama da mutane ne.

Abin takaici, maganin yana cikin gidan. Tun 1993 Eric Horvitz da abokan aikinsa a sashen bincike na Microsoft su ke wani aiki mai suna Lumière, wanda ke amfani da lissafin yiwuwa na Thomas Bayes, limamin Kirista ɗan Ingila na ƙarni na 18, don ƙiyasta ko mutum ya rikice ne yana bukatar taimako, ko kuwa aikinsa ya ke yi a bar shi. An ɗauki wani sashe na aikin aka sa wajen amsa tambayoyin da mutum ya buga da hannunsa. Amma wajen zaɓen lokacin da baran zai leƙo, sai aka sa waɗansu ƙa'idoji masu sauƙi, waɗanda ba su auna gwanintar mai aiki.

Da Office XP ta fito a 2001, an bar Clippit a kashe sai wanda ya neme shi, kamfanin da kansa ya yi tallace-tallace yana yi masa ba'a a kan ya rasa aiki. A Office 2007 aka cire shi ɗungum. Shi kuwa kare Rover ya sami ɗan aiki a Windows XP tun 2001, a wurin neman takardun da suka ɓace cikin kwamfuta, inda ba ya fitowa sai mutum ya buɗe wurin da kansa. Nan ya zauna har Windows Vista ta zo ba tare da shi ba.