Ɗan Dakon Da Ake Haya Da Wata

Kalmar "robot" da muke fassarawa da mutum-mutumi ta fara fitowa ne a 1920, cikin wasan kwaikwayon R.U.R. na marubucin ƙasar Cek, Karel Čapek. Asalinta "robota", wato aikin tilas da talaka ke yi wa mai ƙasa. Ke nan tun ranar suna, da ƙwadago aka haɗa ta.

A 1961 kamfanin General Motors ya girka Unimate a masana'antarsa ta jihar New Jersey a Amurka, hannun ƙarfe mai ɗauko narkakken ƙarfen da aka zuba a zubi tun yana da zafi. Sai dai irin waɗannan injuna a kafe suke wuri ɗaya, ga tsada, don haka rumbunan ajiyar kaya suka ci gaba da dogaro da ƙafar ɗan Adam.

Lamarin ya sauya da Mick Mountz ya kafa Kiva Systems a 2003. Injunansa gajeru ne masu ruwan lemo, su shiga ƙarƙashin kanta su ɗaga ta, su kai wa ma'aikaci inda yake tsaye. A 2012 Amazon ya saye Kiva kan dala miliyan 775, daga baya ya daina sayar wa kowa. Kamfanonin da suka saba da injunan suka wayi gari ba tsuntsu ba tarko. Masu ɗaya daga cikinsu, Quiet Logistics, su ne suka kafa Locus Robotics, wanda ya yi suna wajen ba da injunansa haya.

A nan ne tarihin ya karya kwana. Da, tsadar inji ce katangar da ke kare lebura, domin sai babban kamfani ke iya saye. Haya ta rushe katangar. Mai rumbu ya biya kuɗin wata, gyara na kan mai inji. Idan kasuwar ƙarshen shekara ta buɗe ya ƙaro injuna, ta lafa ya mayar. Wannan kuwa shi ne gurbin da ma'aikatan wucin gadi ke cin abinci a ciki. A 2024 kamfanin GXO ya ɗauki hayar Digit, mutum-mutumi mai ƙafa biyu na Agility Robotics, yana jigilar akwatuna a wani rumbu a jihar Jojiya.

Gaskiya ne injin ya rage wa ma'aikaci doguwar tafiya tsakanin kantoci, har yanzu kuma hannun mutum ya fi iya tsintar kaya iri-iri. Amma mu lura da abin da ya canja: yanzu ana auna ladan lebura da kuɗin hayar inji. Duk ranar da hayar ta yi ƙasa da ladan, mai rumbu ba zai daɗe yana lissafi ba. Shi kuwa inji ba shi da iyalin da ke jiran cefane.