Haƙorin Bijimi: Tarihin Turmi Mai Dogon Jiki da Gajerun Saiwoyi

Haƙorin bijimi, wanda likitoci ke kira torodontizim, wata siffa ce ta turmi, wato haƙorin tauna. A turmin da aka saba gani, jikin haƙori yakan tsuke a daidai dasashi, sannan ya rabu gida biyu ko uku zuwa saiwoyi dogaye. A haƙorin bijimi babu wannan tsukewar. Jikin yakan miƙe ya nutse cikin ƙashin muƙamuƙi, kogon da jijiya da hanyoyin jini ke zaune a ciki ya yi tsawo, saiwoyin kuma su rabu can ƙasa, gajeru. Abin yana faruwa tun haƙori bai tsiro ba, lokacin da fatar da ke tsara saiwa ta makara wajen lanƙwasawa ciki. A baki ba a gane shi. Sai an ɗauki hoton eksire ko an cire shi.

Tarihin saninsa ya faro daga wani kogo a Krapina, ƙasar Kuroshiya, inda Dragutin Gorjanović-Kramberger ya tono ƙasusuwan mutanen Niyandatal, wani jinsin mutanen dā, daga 1899 zuwa 1905. Ƙasusuwan sun kai kimanin shekara 130,000, kuma ya lura da yawa daga turamensu saiwoyinsu a haɗe suke. A 1913 masanin ƙirar jiki Arthur Keith, na Birtaniya, ya raɗa wa siffar suna, saboda kamarta da haƙoran shanu. Daga nan aka riƙa ɗaukar ta a matsayin shaidar Niyandatal.

Wannan zato shi ya kai Keith ga kuskure. A 1917 Giuseppe Despott ya tsinci turame biyu masu wannan siffa a kogon Għar Dalam na tsibirin Malta, a 1924 kuwa Keith ya rubuta cewa hujja ce Niyandatal sun zauna a tsibirin. Maganar ta daɗe tana yawo, har a 1962 wani likitan haƙori ɗan Malta, J. J. Mangion, ya ba da rahoton irin waɗannan haƙora daga bakin mutanen zamaninsa. Haƙori biyu sun yi kaɗan a gina tarihin al'umma a kansu. Dama tun 1928 J. C. Middleton Shaw ya bayyana siffar a tsakanin mutanen Afirka ta Kudu, ya kasa ta mataki uku: ƙarama, matsakaiciya da mai tsanani. A 1978 masu bincike Shifman da Chanannel suka fito da ma'aunin da ake amfani da shi a kan hoton eksire, bayan sun duba matasa 1,200 a Isra'ila suka sami siffar a kashi 5.6 cikin ɗari.

Dalilin yawaitarta ga Niyandatal bai samu matsaya ba. Wasu sun ce tana taimakon haƙorin da ke cinyewa saboda abinci mai tauri, domin rabuwar saiwa ba ta saurin fitowa fili. Wani bincike na kwamfuta a 2015 bai ga wata riba bayyananna ba wajen ƙarfin tauna. A mutanen yau akasari tana zuwa ita kaɗai ba tare da ciwo ba, amma ta fi yawa ga masu lalurar Klinefelter, maza masu ƙarin ƙwayar gado ta X, da masu lalurar Down.

Akwai wasu siffofin saiwa da masana ke bin diddigin al'ummai da su. Turmin ƙasa mai saiwa uku, maimakon biyu, ya fi yawa a Gabashin Asiya. An kuma gan shi a muƙamuƙin da aka samu a Xiahe ta ƙasar Sin, na mutanen Denisova, su ma wani jinsin mutanen dā, mai shekara aƙalla 160,000, wanda aka bayyana a 2019. Wasu sun ce gado ne daga mutanen Denisova, wasu sun musa. A Afirka kudu da Sahara kuwa, akan yawaita ganin saiwar Tomes, inda ƙaramin haƙorin tauna na ƙasa, mai bin fiƙa, ke da tsaga mai zurfi ko saiwa biyu.

Amfanin sanin haƙorin bijimi a garuruwa irin su Kontagora a aikace yake. Mai ciwon haƙori yakan fara da shagon magani ko wanzami, sai ciwo ya ci tura ya nufi asibiti, galibi da niyyar a cire.  Idan kuma za a kwashe jijiya a cike haƙorin, aikin ya fi na kullum wuya: kogon yana da zurfi, jini ya fi zuba, bakin ramukan saiwa kuma suna can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Shi ya sa likita ke neman hoton eksire kafin ya taɓa turmi.